Ƙyastun Mijinyawa da Ashanar Malam

Rogo, ranar kasuwa, shida ga watan Safar

Daga hannun Mijinyawa maharbi zuwa ga Ƙasimu tela, a Karaye.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Mairama da yaran gida. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta zama 'yar gida. An gama cirar gyaɗa, dawa ta nuna. Malam Lado ne yake rubuta mini wannan, na kuma gaya masa in ya rage kalma ɗaya don ya gyara mini hali, zan ji a jikina.

Bayan haka, Maiturare mai bin kasuwanni ya kawo mini wata takarda mai tambarin makaranta. Na sa an karanta mini sau biyu. Wai in dangwala yatsa in yarda jikana Basiru ya je ya kwana a daji tare da malaminsu, wani wai shi Abdulsalami. To ga takardarku nan na mayar, fara tas yadda ta zo. Ba zan dangwala ba.

Maiturare ya ce da idonsa ya ga yaron a bakin kasuwar Karaye da gajeren wando, da ƙyalle ɗaure a wuya, da sanda ta fi shi tsawo, shi da wasu suna bin mutum yana busa musu usur. Wai 'yan sikawut. Ya ce kuma a kan kekenka aka ɗinka wandon. Madalla da kai.

Kai ta wajen uwa muka haɗu, uwarka 'yar kawuna ce, don haka bari in gaya maka abin da ba a gaya maka ba. A gidanmu yaro ba ya fara kwanan daji sai da ubansa ko kakansa. In rana ta yi sanyi a kunna wuta da ƙyastun gida, ba da garwashin wani ba. Duk wanda ya yi kwanansa na farko a bakin wutar ƙyastunka ya zama ɗan dajinka, kai kuma uban dajinsa, har kabari. Ba ka zaginsa, ba ka bari a zage shi, in ya ɓata kai za ka nemo shi. Haka ubana ya yi mini, haka na yi wa ɗana Sulle. Ranar da Sulle zai tafi soja ya mayar mini da ƙyastun, ƙarfen da dutsen ƙanƙarar da 'yar jakar audugar rimi, ya ce in ajiye wa abin da ke cikin matarsa Kubura. Bai dawo daga yaƙin ƙasar Bama ba. Abin da ke cikin Kubura shi ne Basiru. Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙyastun yana rataye a wuyana.

Da uwarsa ta yi aure Zariya, aka kuma zo ɗibar yara makaranta, ka ce a ba ka shi ya zauna a gidanka. Na ba ka. Da ya zo hutun damina kwana ashirin ya yi, ban ji komai a bakinsa ba sai Malam ya ce, Malam ya ce. Na ɗaure jaki, ya tsaya yana kallona, ya ce, “Tsoho, wannan ƙullin zai zame, Malam ya ce ba haka ake yi ba.” Ni! Na ce da shi na ɗaure kura da ranta tun uban malaminka yana tsotson yatsa. Ya yi dariya, ya kwance, ya sake ɗaurewa.

Kun ɗauki ranarsa, kun ɗauki bakinsa. Daren farko nawa ne. Ka gaya wa mai usur haka.

Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Karaye, 3 ga Nuwamba, 1952

Zuwa ga Kawu Mijinyawa, da gaisuwa irin ta ɗa da uba.

Takardarka ta same mu lafiya. Mairama tana gaishe ka, ta ba Maiturare man shafawa saboda gwiwar, ta ce ka shafa, kada ka ba jaki kamar wancan karon.

Kawu, wandon ni na ɗinka, ban musa ba, goma sha huɗu na ɗinka. Amma ka saurare ni. Yaran nan shekara guda suna koyon ƙulla igiya da kafa tanti da ɗaure rauni, kuma duk kwanan dajin da suka taɓa yi a filin makaranta ne, kusa da turakun ƙwallo. Suna kwance a tanti suna jin matan unguwa suna daka. Ran nan uwar wani ta aiko masa da tuwo ta kan danga. Sun gaji da wannan. Daji suke so na gaske, wanda ba a jin carar zakara, su ga sawun dabba da idonsu, su nemi ruwa da kansu. Kullum a rumfata suke taruwa, ba su da wata magana sai ita.

Abin da ba ka sani ba shi ne, Basiru ne ya cika musu kunne da labarinka. Kakana ya yi kaza, kakana ya san kaza. Shi ya sa Malam Abdulsalami ya zo da kansa ya ce in roƙe ka abu biyu: ka dangwala wa yaro yatsa, ka kuma zo ka yi musu jagora, tunda babu wanda ya san dajin tsakaninmu da ku kamarka.

Yaron yana ƙoƙari. Makon jiya aka ba shi lamba don ya kunna wuta da tsinken ashana biyu kacal, ni na ɗinka masa ita a hannun riga. Amma tun da takardar nan ta dawo fara ya rage cin abinci. Sauran duk an dangwala musu.

Ina jiran amsarka. Naka, Ƙasimu.

Rogo, ashirin ga watan Safar

Daga Mijinyawa zuwa ga Ƙasimu.

Gaisuwa. Man ya iso, a yi wa Mairama godiya, gwiwa dai tana nan inda take.

Tsinken ashana biyu! Da Malam Lado ya karanta wurin nan na ce ya sake, ko kunnena ne. Ashe yanzu lamba ake ba mutum don ya goga tsinke a jikin kwali. Matar da ke soya ƙosai a kasuwarmu da ɗaya take kunnawa, sai a kawo mata lamba biyu.

Ka ce mai usur yana son in yi jagora. Na gane. Ni in shiga gaba ina share ƙaya, shi yana baya da littafi, in na nuna sawun gada ya buɗe shafi ya ce haka ne, tsoho ya yi daidai. Yara su dawo gida su ce Malam ya kai mu daji. In dare ya yi ya zaro kwalinsa ya goga, jikana ya kwanta a bakin wutar kanti, shi ke nan ɗan Sulle ya zama ɗan dajin wani baƙo daga birnin Kano wanda bai san kashin zomo da na akuya ba. Ina tsaye ina kallo. A'a.

Ka ce yaro yana ba su labarina. To me ya sa bai taɓa ba ni labarin kaina ba? Da ya zo nan, na ɗauko masa fatar damisar da na kashe a shekarar fari, ya shafa sau ɗaya ya ce Malam yana da hotonta a littafi. Lamba kuwa ka ɗinka masa a hannu. Ni layar da na ɗaura masa a damtse ranar da zai tafi, tana ina? Ka duba ka gaya mini.

Ban hana yaro daji ba. Jininsa ne. Ni zan kai shi, mu biyu, ba usur ba tanti. Bana dai ba zai yiwu ba, ina da uzuri. Baɗi in Allah ya kai mu. Ya ci abinci, ka ce ni na ce.

Malam Lado yana cewa in sassauta. Na ce da shi alƙalami aka ba shi, ba a ba shi shawara ba.

Wassalam.

Karaye, 28 ga Nuwamba, 1952

Zuwa ga Kawu Mijinyawa.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Layar tana nan a damtsensa, ƙarƙashin lambar. Ko wanka zai yi ba ya cire ta.

Kawu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Bara ka ce baɗi. Bara waccan ma, da yaro ya roƙe ka a gabana, baɗi ka ce. Shi yaro ba ya tsayawa a inda aka ajiye shi. Ranar Laraba na same shi a bayan rumfa ya cire ƙyallen wuyansa ya ninke, ya ce in mayar wa Malam, tunda shi kaɗai za a bari a gida. Ban iya kallonsa ba.

A gidana yake ci yake kwana, a littafin makaranta sunana ne a kansa. Na dangwala masa yatsana. In laifi ne na ɗauka.

Za su tashi ranar Litinin, goma sha biyar ga Disamba, wato ashirin da bakwai ga watan Mauludi, su yi zango a Kwarin Ɗinya, kwana biyu. Tunda ka ƙi, za a nemi Jibo na Tudun Kaya ya yi musu jagora. An ce shi ma yana da ƙyastu.

Na gaya maka da wuri don kada ka ji a bakin wani. Naka, Ƙasimu.

Rogo, Asabar, ashirin da biyar ga watan Mauludi

Ƙasimu.

Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, kowa ya ɗauki tasa.

Takardarka kwana goma sha biyu ta yi ƙarƙashin tabarmata. Na ce ba zan sa a karanta ba, na san roƙo ne, bari ku ɗan ji jiki. Yau da hantsi Malam Lado ya biyo ta ƙofar gida na ce duba mini wannan. Ashe jibi ne.

Jibo! Jibo da ya gudu ya bar ni da ɓauna a fadama, ya dawo gari ya ce shi ya harbe ta. Shekara ashirin ban yi masa magana ba, ban bari an ambaci sunansa a zaurena ba. Mai tarkon gafiya. Shi zai zama uban dajin ɗan Sulle? Gara mai usur sau goma.

Yanzu abin da ke biye kai kaɗai za ka karanta, ka ƙona. Malam Lado ya rantse mini. Ka ce kullum baɗi nake cewa. To ga dalili. Damina biyu ke nan hannuna na dama yana rawa. Baka na rataye, na ce da mutane na ƙoshi da nama. Ƙyastun nan, tun bara waccan ban ƙara samun wuta da shi ba. In buga, in buga, ƙarfe ya kauce wa dutse. Kullum da safe kasko nake ɗauka in ɗebo garwashi a gidan Goggo Tani maƙwabciyata, in ce mata itacena ne ɗanye. Ina ta jira hannun ya dawo daidai kafin in kai yaro. Ban so ya ga kakan da yake ba da labari yana fama da dutse kamar makaho.

To hannu bai dawo ba, ranar kuma ta zo. Gobe da asuba zan ɗaura wa jaki mangala. Abin da zan yi in na isa ban sani ba. Amma in akwai wutar da za a kunna a Kwarin Ɗinya ranar Litinin, ba ta Jibo ba ce, ba ta kanti ba ce.

Maganar yatsan da ka dangwala tana nan, ban manta ba.

Rogo, Juma'a, ɗaya ga watan Rabi'u Sani

Daga Mijinyawa zuwa ga Ƙasimu, gaisuwa, da Mairama.

Na iso gida jiya, jaki lafiya, ni da sauƙi. Na san yaro ya ba ku labari, amma na san ta inda zai fara, Malam ya yi, Malam ya ce. Ga yadda aka yi.

Na riga su isa. Ina zaune a gindin ɗinya, bayan azahar, sai na ji usur. Suka ɓullo a jere, kowa da ƙunshi a baya. Basiru ya hango ni ya jefar da sanda ya sheƙo, ya ce, “Tsoho, ashe ba ka mutu ba!” Na ce ina zan mutu in bar maka matata. Ya rungume ni har na kusa faɗuwa. Wannan ka rubuta shi da kyau, Lado, ni ya fara runguma.

Mai usur ya zo ya cire hula ya durƙusa har ƙasa. Yaro ne ashe, siriri, gemunsa ba a ƙirga shi da yawa. Na so a ce ya yi mini girman kai, bai yi ba, abin ya ba ni haushi. Na ce ina Jibo? Ya ce, “Wane Jibo, Baba?” Wannan ni da kai ne, Ƙasimu.

Ya zaɓi wurin kafa tanti a tsakiyar busasshiyar ciyawa mai kai wa ƙugu, wai ta fi laushi. Na ce ko za a gasa yaran mutane ne? Na sa suka koma kan tudu suka share fili har ƙasa. Bai yi musu ba, ya ciro ɗan littafi ya rubuta.

Da la'asar ta yi sakaliya aka tara itace, sanyi ya fara sauka. Ya zaro kwalin ashana ya ce wa zai kunna. Na ce mu gani. Ya miƙo mini da hannu biyu. Na juya shi, na jijjiga, na sake shi cikin bokitin ruwa. Na ce yau wutar daji za a kunna.

Na ciro ƙyastu daga wuya, na tsuguna, na ɗora auduga a kan dutse. Na yi bisimilla na buga. Ya kauce. Na sake. Ya kauce. Yara goma sha huɗu sun kewaye ni, ga tukunya da ɗanyar shinkafa, ga rana tana faɗuwa. Na buga ya fi sau ashirin, har na fasa ɗan yatsa, jini ya ɗiga a kan audugar. Hannun ya shiga rawa yadda kowa zai gani. Wani yaro ya yi dariya, wani ya zungure shi. Ban ɗaga kai ba, don na san inda Basiru yake tsaye. Ƙasimu, ɓauna ta taɓa taka ni, ban ji abin da na ji a wurin nan ba.

Sai mai usur ya tsuguna kusa da ni. Na ce shi ke nan, zai ce tsoho huta. Sai ya ce da ƙarfi, yadda yara za su ji, “Baba, ka nuna mana yadda hannu yake tafiya, mun gani. Yanzu wa za ka fara ba wa ya gwada? In ba kowa, ni ina so. Ni ban taɓa kwana a daji ba.”

Na ce me ka ce?

Ya ce, “Wallahi. A filin makaranta na koya, a Kano. Yau ne farkona, kamar su.”

Na ce to ka bi layi, akwai na gabanka. Basiru, zo nan.

Na sa masa ƙarfen a dama, dutsen a hagu, na yago sabuwar auduga. Na ce kada ka sara kamar mai faskare, shafto shi za ka yi, kamar kana fere rake. Ya buga, babu. Na ce karkata dutsen. Ya buga, tartsatsi ya tashi ya faɗi gefe. Iska tana kaɗawa, mai usur ya sa hularsa ya tare. A bugu na bakwai auduga ta yi ja. Na ce kada ka hura kamar mai kashe fitila, yi mata numfashi. Hayaƙi ya tashi, ya tura cikin ciyawa, wuta ta kama. Yaran nan suka yi ihu har tsuntsaye suka tashi daga kan ɗinya. Na cire igiyar daga wuyana na rataya masa. Na ce na ubanka ne. Ya riƙe mini hannun nan mai rawa da nasa biyu har aka kira magariba.

Washegari na zaga da su. Na nuna musu sawun gada da na dila, da inda zomo ya kwana, da yadda ake sakin toka a gane inda iska ta nufa. Na sa suka tona yashi a gindin faru har ruwa ya tsattsafo, suka sha suna tsalle kamar sun tono zinariya. Wani ya taka ƙaya, mai usur ya cire ya ɗaure da ƙyallen wuya, to ashe ƙyallen yana da aiki. Duk abin da na faɗa yana rubutawa. Na san inda za a je. Baɗi maganata za ta fito daga bakin yara ta zama Malam ya ce.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa cin tuwo jiya. Da na zo gida ina sauke mangala, sai wani abu ya faɗo. Kwalin ashana, sabo, busasshe, cike. Ba nawa ba ne, ban taɓa sayen ashana ba. Wato mutumin nan yana da na biyu a aljihu tun farko. Ina tsugune ina zubar da jini, yara suna rawar sanyi, abin yana aljihunsa bai fito da shi ba. Ya kuma ga hannuna, ya san abin da ke nan, ya saka mini a kaya ban sani ba. Wa ya roƙe shi?

Na zo da zagi cike da baki in sa Malam Lado ya rubuta. Sai Lado ya ajiye alƙalami ya ce, “Mijinyawa, ba kai ka sa na rubuta ba, wanda ya yi kwanan farko a bakin wutar ƙyastunka ɗan dajinka ne, ba ka zaginsa?” Na ce yaran nake nufi. Ya ce, “Malamin a bakin wace wuta ya kwana?”

Ka ga abin da kuka ja mini. Na tafi neman ɗa ɗaya na dawo da goma sha biyar, har da mai gemu.

Da za mu rabu Basiru ya raka ni har bakin rafi. Amma da aka busa usur, da gudu ya koma. Bai waiwayo ba sai sau ɗaya. Na ƙirga.

Wassalam.

Karaye, 27 ga Disamba, 1952

Zuwa ga Kawu Mijinyawa, uban daji.

Muna lafiya, muna gaishe ka. Takardarka ta ranar Asabar na ƙona ta kamar yadda ka ce, ta Juma'a kuwa na ajiye.

Maganar Jibo, na tuba. Shekara biyu ke nan da ya tafi Makka a ƙasa, kowa ya sani daga nan har Rogo sai kai, tunda ka hana a ambaci sunansa. Malam bai san na rubuta haka ba. Na rasa abin da zai ɗaga ka daga kan tabarma ne.

Basiru ya hana Mairama kunna murhu. Kullum da safe shi ne da ƙyastu, mu kuwa mu zauna da yunwa sai ya samu. Yaran suna rumfata, yanzu magana ɗaya ce, Baba Mijinyawa ya ce, Baba Mijinyawa ya ce. Malam ya rubuta sunanka a bangon littafinsa. Yana tambaya ko za ka kai su dutse da bazara, su ga inda ka kashe damisar.

Na tambaye shi zancen kwali. Ya ce shi bai san wani kwali ba.

Naka, Ƙasimu.

Rogo, ashirin da shida ga watan Rabi'u Sani

Daga Mijinyawa zuwa ga Ƙasimu maƙaryaci, da gaisuwa ga Mairama, ita ba ruwanta.

Jibo ya je Makka. To. Ko a nan ma sai da ya riga ni. Allah ya karɓa masa, in ya dawo ya faɗi gaskiya a kan ɓauna.

Ka ce yara suna cewa Baba Mijinyawa ya ce. Basiru fa? Shi nake tambaya. Ka ƙirga mini na yini ɗaya, sau nawa ya ce Malam, sau nawa ya ce Tsoho, ka aiko mini, kada ka ƙara kada ka rage.

Ran kasuwa wani mai gyaɗa ya ce malaman boko ba su san komai ba sai busa usur, har da na Karaye. Na ce ya maimaita. Bai maimaita ba. Ba don ina son mutumin ba ne, ka sani, dole ce aka ɗora mini.

Zancen dutse, ka ce da ɗana Abdulsalami sai ya zo Rogo da ƙafarsa ya tambaya, ya zo da yaron. Basiru zai yi tafiya kusa da ni, shi a baya. Usur a aljihu.

Kwalinsa kuma yana nan. Ya ce bai san shi ba, ni na san nasa ne. Ba na amfani da kayan kanti, ban roƙa ba, ba na so. Goggo Tani tana ta tambaya me ya sa na daina zuwa ɗibar garwashi, na ce itacena ya bushe. Ka ce ya zo ya karɓi abinsa. Ya kuma yi sauri, saura tsinke tara.

Wassalam.